Ruwan famfon Kano: a sha kai tsaye ko sai an tafasa?

Maman Ikram: Assalamu alaikum jama'ar guruf, barkanmu da warhaka. Don Allah ina da tambaya ga masu ilimin abin. Ruwan famfo ya dawo layinmu a Ɗorayi bayan an daɗe ba a ga ɗigonsa ba, to amma abin da ya fara zubowa ja ne jawur ga wani wari-wari, sai da ya jima yana zuba tukuna ya washe. Yanzu ya yi fari tas amma ni dai zuciyata ba ta kwanta ba saboda ina da yara ƙanana. Wannan da ya washe za a iya sha haka nan ko sai an tafasa? Maƙwabciyata ta ce ruwan gwamnati an riga an sa masa magani, ba ya buƙatar komai.

Abu Sadiq: Wa alaikumus salam. Hajiya ku gode wa Allah da har kuna ganinsa, mu a Kurna yaran da aka haifa kwanan nan ba su san famfo yana kawo ruwa ba wallahi, kan famfon ma tsatsa ta cinye shi. Rayuwarmu gaba ɗaya a hannun 'yan garuwa take, jarka ɗaya ta haura naira 100 a wajenmu, ranar da babu wuta kuwa sai ka bi mai kura kana roƙonsa.

Anti Nas: Maman Ikram kar ki ba yara shi haka. Ki tafasa. Farin ruwa da tsaftataccen ruwa ba abu ɗaya ba ne, ƙwayar da ke kawo kwalara ko taifot ido ba ya ganinta, ba ta da kala ba ta da wari. Mu da ke aiki a asibiti mun san lokacin da ake cika mana ɗaki da masu amai da gudawa, da zarar damina ta kankama ne, kuma idan ka tambayi uwa sai ta ce ai ruwanmu garau yake.

Injiniya Fagge: Bari in ɗan yi bayani da tsawo, ku yi haƙuri. Maƙwabciyar Hajiya tana da gaskiya ta wani ɓangaren. Ruwan da ake turo wa cikin birni daga matata yake fitowa, akwai ta Challawa wadda asalinta tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne a farkon shekarun 1930, akwai ta Tamburawa a hanyar Zariya wadda aka gina sabuwarta lokacin Malam Shekarau da ƙarfin tace lita miliyan 150 a rana, sai kuma ta Watari mai lita miliyan 75. A matata ana zuba alif ya tattara laka ta kwanta ƙasa, a bi da ruwan ta cikin yashi ya tace, sannan a sa kilorin ya kashe ƙwayoyin cuta. In an yi komai yadda ya kamata ruwan da ya bar wajen abin sha ne.

Matsalar tana hanya. Daga Tamburawa zuwa randar Maman Ikram akwai tafiya mai nisa, kuma bututu an yi shi ne don ya zauna cike da ruwa dare da rana, ƙarfin ruwan da ke ciki shi ke hana dattin waje shiga, ko da akwai huda ruwa ne zai riƙa fita. Amma da zarar an ɗauke ruwa bututun ya zama fanko sai abin ya juya, ya riƙa zuƙo duk abin da ke kewaye da shi ta wajen hudar, kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke. To ku duba inda bututunmu suke bi a cikin gari, ku leƙa kwatar layinku za ku ga 'yan siraran fayif na roba guda goma ko fiye kwance cikin baƙin ruwa, wasu an ɗaure su da robar tayar keke. Duk lokacin da babu ruwa abin da ke cikin kwatar nan yana tsiyaya ciki, ranar da aka sako ruwa shi ne zai fara isa gidanki. Jan da kika gani wani ɓangare tsatsar tsofaffin bututun ƙarfe ne da laka, warin kuma shi ne abin tsoron.

Maman Ikram: Innalillahi. Wallahi Injiniya fayif ɗinmu ta cikin kwata ya bi, da idona nake ganinsa kullum in zan fita ban taɓa kawo komai a raina ba.

Baba Alhaji Gwale: 'Ya'yana ina karanta maganganunku. Mu dai mun tashi muna shan ruwan rijiya a cikin gida, muna shan na famfon bakin titi, ba tafasawa ba komai, ga mu har yau da ranmu Alhamdulillah. Cuta da lafiya duk na Allah ne. Ina ganin tsoron nan ya yi yawa a zamanin nan, komai sai a ce yana kisa.

Anti Nas: Baba Allah ya ƙara girma da lafiya, gaskiya ne komai na Allah ne, amma shi ya ce mu yi riƙo da sababi. Kuma Baba in za ka tuna, a gidajen da ɗin nan yara nawa ake haifa nawa suke rayuwa? Kusan kowace tsohuwa za ta lissafa maka waɗanda ta binne kafin yaye, a ce haƙori ne ko shawara ko iska, alhali da yawansu gudawa ce ta ƙarar musu da ruwan jiki. Waɗanda suka rayu su ke ba da labari. Ko a 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 3,000, kuma Kano da Bauchi da Jigawa suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani.

Baba Alhaji Gwale: Haka ne 'yata, an binne yara da yawa kam, Allah ya jiƙansu. Amma abin da nake so ku sani, lokacin da muke samari famfo ba ya ɗaukewa haka. Bayan Audu Bako ya gina dam ɗin Tiga a 1974 ruwa har bene yake hawa a cikin birni, tankin Goron Dutse kullum a cike. Garin ne ya faɗaɗa ya fi ƙarfin kayan, lokacin Ɗorayi da Rijiyar Zaki da Naibawa duk gonaki ne.

Injiniya Fagge: Baba wannan maganar taka ita ce ainihin zancen. Ruwan da kuka sha ya fi namu aminci saboda ba ya yankewa, bututun kullum a cike. Kuma Kano ba ta rasa ɗanyen ruwa ba, ga Tiga ga dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye wanda aka gama a 1992, ruwa na nan jibge. Abin da ke kawo cikas wutar da za ta juya injinan turo ruwa, dizal, kuɗin alif da kilorin, da tsofaffin bututu da ke zubar da ruwa a hanya kafin ya isa ko'ina. Mu ma muna ƙara lalata abin, duk wanda ya samu hali sai ya sayi injin jan ruwa ya jona kai tsaye a fayif ɗin da ya shigo gidansa, shi yana cika tankinsa amma yana ƙara ƙarfin zuƙar nan a layin gaba ɗaya, maƙwabcinsa na ƙasa ya rasa ruwa, datti kuma ya ƙara samun hanyar shiga.

Mai Bohol Hotoro: Shi ya sa ni tuni na yanke hulɗa da famfo. Na haƙa bohol na sa sola na huta, ruwa daga ƙarƙashin dutse yake fitowa sanyi ƙalau babu mai taɓa shi babu kwata babu komai, har maƙwabta nake ba wa. Duk mai hali ya yi haka kawai a daina wahala.

Malama Kimiyya: Alhaji Allah ya saka da alherin ruwan da kake ba maƙwabta, amma ina da tambaya biyu. Tsakanin bohol ɗinka da sokawe ɗin gidanka mita nawa ne, da na maƙwabcinka ta bayan katanga? Sannan tun da aka haƙa ka taɓa kai ruwan an gwada?

Mai Bohol Hotoro: Gwaji kuma na me Malama, ruwan da nake gani garau? Sokawe yana nan ta bayan gida, bai kai mita goma ba gaskiya don filin 50 ba 50 ne, amma ai bohol ɗin ya yi zurfi sosai.

Malama Kimiyya: To ka ga inda matsalar take. Shawarar da masana lafiya suka fi bayarwa a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya ko bohol da masai, a filayenmu na cikin gari kuwa wannan ba ya samuwa, ko ka nisanta da naka na maƙwabci yana jikin katangarka. Zurfi yana taimakawa amma sai in masu haƙar sun yi aikin daidai, wato sun zuba siminti sun toshe gefen fayif ɗin daga sama zuwa wani zurfi, da yawa ba sa yi saboda a rage kuɗi, sai ruwan saman ƙasa ya riƙa bin jikin fayif ɗin yana gangarawa ya haɗu da na ƙasan. Kuma ƙasar Kano dutse ne a ƙarƙashi, ruwan a cikin tsagogin dutsen yake kwance, abin da ya shiga tsaga yana iya tafiya da nisa ba tare da ƙasa ta tace shi ba.

Abin da ke fitowa daga masai ba ƙwayar cuta kaɗai ba ne, akwai sinadarin naitiret, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kar ya wuce miligiram 50 a lita, ya fi yi wa jarirai illa musamman waɗanda ake dama wa madara da ruwan, yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Shi wannan tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi tunda ruwan ne ke ƙonewa shi yana nan. Ruwan famfo aƙalla an sa masa kilorin a matata, na bohol babu wanda ya sa masa komai.

Mai Bohol Hotoro: Ni dai iyalina suna sha shekara da shekaru ban ga abin da ya same su ba. Amma ina ake gwajin, kuma nawa ne?

Malama Kimiyya: Akwai ɗakunan gwaji a jami'o'i irin BUK a sashen kimiyyar sinadarai da na ƙananan halittu, akwai kuma masu zaman kansu, kuɗin ya danganta da yawan abin da kake so a duba. Ka fara zuwa ka karɓi kwalbarsu wadda aka kashe wa ƙwayoyin cuta, kar ka ɗiba a gorar lemo, kuma ka kai da wuri a cikin sanyi. Ka ce a duba maka E. coli, ƙwayar da ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, a ƙa'ida ko ɗaya bai kamata a samu a mililita 100 ba, sai naitiret, sai ƙarafa irin dalma. Najeriya tana da ƙa'idar ruwan sha da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta fitar tun 2007, da ita za su auna sakamakon. In so samu ne a yi da rani a sake da damina don sakamakon yana canzawa.

Ɗan Sharaɗa: Tunda an zo maganar ƙarafa bari in sa baki, don mu a nan abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya daban ne. Duk wanda ya san Sharaɗa da Challawa da Bompai ya san kamfanonin jimar fata da ruwan da ke fitowa daga unguwannin masana'antun nan, wani lokaci shuɗi wani lokaci baƙi ga wari mai hawa kai. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara har dam ɗin Wasai. Da sinadarin kuromiyam ake jima a kamfani, to mu da rijiyoyinmu ke kusa da hanyar ruwan nan me muke sha? Kuma da ruwan Jakara ake ban ruwan latas da kabeji da alayyahu da ake kawowa kasuwa, kowa ya sani.

Malama Kimiyya: Wannan gaskiya ne kuma an yi bincike da yawa a jami'o'inmu a kan rafukan nan. Abin da nake so mutane su riƙe, maganin ƙwayar cuta daban maganin ƙarfe daban. Tafasawa da kilorin suna kashe abu mai rai ne kawai. Kuromiyam da dalma ba su da rai, ko ka kwana kana tafasawa suna nan, alif ma ba abin dogaro ba ne a kansu a gida. Wanda rijiyarsa ke gefen irin wannan rafin gwaji ne kawai zai gaya masa gaskiya, in an samu abin ya wuce ƙa'ida sai dai a bar ruwan ga wanki a nemi na sha a wani wajen. Illarsu kuma ba ta nunawa yau ko gobe, a hankali take taruwa, dalma ta fi taɓa ƙwaƙwalwar yara.

Abu Sadiq: To jama'a famfo babu aminci, bohol babu aminci, rijiya babu aminci, me talaka zai sha? Ni fa abin da ke ƙona min rai ke nan, kullum a ce mu tafasa, da wane gas ɗin? Kun san kuɗin gawayi yanzu? Gidan da ke da mutum goma sha ruwan da za su sha a rana ɗaya da zafin Kano tukunya nawa ke nan? Mai ba da shawarar tafasawa ba shi ke sayen itacen ba.

Ummu Hanif: Mu fiya wata muke saya kawai, jaka-jaka, shi ne hankali kwance tunda akwai lambar NAFDAC a jiki.

Injiniya Fagge: Hajiya shi ma fiya wata ki sani yawancinsa ruwan bohol ne aka tace aka ɗura a leda, in kamfanin na kirki ne yana canza matatansa a kan lokaci yana kunna fitilar da ke kashe ƙwayoyin cuta to lafiya lau, in kuwa na bayan gida ne lamba ai bugawa ake yi a jikin leda, kowa zai iya bugawa. Akwai masu kyau sosai ban ce babu ba. Ki duba wanda aka san inda masana'antarsa take, ki guji wanda aka jibge a rana ko a ƙasa kusa da kwata, kuma ledar da za a sa a baki a wanke ta don hannu nawa ta bi kafin ta zo gare ki.

Anti Nas: Yaya Abu Sadiq maganarka gaskiya ce kuma ba na raina ta, na san abin da gawayi yake ci. Amma ba dole sai tafasawa ba, kuma ba duk ruwan gida za a gyara ba, na sha kaɗai da na dama wa yara abinci da na wanke abin da za a ci ɗanye. Akwai WaterGuard na ruwa da Aquatabs na ƙwaya ana samu a kemis, kilorin ne, za ka bi adadin da aka rubuta a jiki gwargwadon girman jarkarka ka girgiza ka bari minti 30 kafin a sha, ya fi gawayi araha nesa ba kusa ba. In ruwan yana da laka a fara barinsa ya kwanta ko a sa ɗan alif a tace da farin ƙyalle mai tsafta, don laka tana cinye ƙarfin kilorin. Wanda ko wannan ba shi da shi, ya samu gorar roba fara mai haske ya cika da ruwan da ya washe ya kwantar a kan kwanon rufi cikin rana tsawon awa 6, hasken rana yana kashe ƙwayoyin, in akwai hadari sai a bari kwana biyu. Rana dai ba mu rasa ta ba a Kano. Mai tafasawa kuma ba sai ya ƙone itace da yawa ba, in ya tafasa sosai yana ɓulɓula na minti ɗaya ya isa.

Maman Ikram: Anti ni warin kilorin ɗin ne ba na so, yara ma ƙin sha suke yi. Wani lokaci na famfon ma yana zuwa da wannan warin har in ce ko magani ya yi yawa.

Injiniya Fagge: Hajiya ranar da kika ji ɗan warin nan a famfo ki yi murna, alama ce maganin ya iso gidanki da sauran ƙarfinsa. Da gangan ake barin kaɗan a cikin ruwan, wajen miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita, don ya yi faɗa da abin da zai shiga a hanya. Unguwannin da ke ƙarshen layi sau da yawa kafin ruwa ya kai musu ya ƙare. In warin ya dame ki ki zuba a randa mai tsafta ki rufe zuwa wani lokaci zai ragu. Haka in kika ga ruwa ya fito fari kamar an zuba masa wani abu amma da kin ajiye a kofi ya washe daga ƙasa zuwa sama, wannan iska ce kawai ba komai.

Ɗan Mai Kura: Salamu alaikum. Na ga ana ta ambaton 'yan garuwa, ni mahaifina da wannan sana'ar ya riƙe mu har na yi karatu, don haka ina so a yi mana adalci. Ba don masu kura ba rabin Kano da ƙishirwa za su kwana, mutum yana tura jarka goma sha a rana tsaka yana haki saboda ɗan abin da zai kai gida. Su ba su suke yin ruwan ba, saya suke a wajen masu bohol. Amma gaskiya ɗaya ce jarkokin ba a cika wanke cikinsu ba, in ka haska fitila za ka ga kore-kore a gindi, wasu kuma asalinsu na man gyaɗa ne ko wani abin daban, murfi ya ɓace a toshe da leda. Da masu bohol ɗin da ake saya a wajensu za su riƙa ajiye ruwan kilorin ana ɗauraye jarka kafin a ɗura da an rage abubuwa da yawa, kuma suna da ƙungiya suna da shugabanni, in an zauna da su cikin mutunci za su ji.

Anti Nas: Allah ya yi wa mahaifinka albarka, babu mai zaginsu. Kuma laifin bai tsaya a jarka ba, cikin gidajenmu ma akwai. Sai a kawo ruwa mai kyau a zuba a randa, moɗa ɗaya kowa ya tsoma hannu har wuyan hannu, yaro ya fito daga bayi ya ɗiba, moɗar ta faɗi ƙasa a ɗauka a mayar. Tankin saman bene kuma wasu tun da aka ɗora shi ba a taɓa buɗewa ba, in ka leƙa za ka tarar da laka da gansakuka wani lokaci har mushen ƙadangare in murfin ya tashi. A riƙa wanke tanki ko sau biyu ne a shekara, ruwan sha a ajiye shi a abu mai ƙaramin baki ko bokiti mai famfo a jiki wanda hannu ba ya shiga.

Sannan don Allah iyaye mata, yaro in ya fara gudawa kar a jira, a fara ba shi ORS nan take, in babu na leda a samu ruwa mai tsafta lita ɗaya a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali, a ci gaba da ba shi nono, a nemi zinc. In gudawar ta zama ruwa-ruwa fari tana zuba ba tsayawa ga amai to asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne, kwalara tana iya kashe babban mutum cikin awoyi.

Abu Sadiq: Na gode Anti zan nemi ƙwayar Aquatabs ɗin. Amma ni har yanzu ina kan bakana, duk wannan dabarun mun ɗauke wa masu mulki nauyinsu ne mun ɗora wa matanmu. Ruwa haƙƙi ne. Kowane zaɓe sai an yi mana alkawarin ruwa, a zo a haƙa bohol ɗaya a unguwa a rubuta suna a jikin tanki a ɗauki hoto, bayan wata shida famfon ya lalace babu mai gyara.

Mai Bohol Hotoro: To ai mutane ma ba sa biyan kuɗin ruwa, kowa so yake a ba shi kyauta, ta ina za a sayi dizal da magani?

Abu Sadiq: Alhaji a kawo ruwan a gani in ba a biya ba! Wanda ke ba mai kura kuɗi kullum ta Allah shi ne zai ƙi biyan bil na wata? Mu da ba mu da bohol mu muka fi kowa sayen ruwa da tsada a garin nan, ka lissafa jarka biyar a rana sau talatin ka gani. Kuma ku masu hali da kuka haƙa naku kuka yi shiru ku ne da za a ji maganarku in kun yi, da ruwan gidan manya daga layi ɗaya yake zuwa da namu da tuni an gyara.

Malama Kimiyya: Ni abin da zan so a nema bai ma kai girman sabuwar matata ba. A riƙa ɗibar ruwa a bakin famfon mutane unguwa-unguwa ba a cikin matata kaɗai ba, a gwada sauran kilorin da E. coli, a karanta sakamakon a rediyo kowane wata kamar yadda ake karanta farashin hatsi, kowa ya san halin da layinsa ke ciki. Kuma duk ranar da za a sako ruwa bayan dogon yankewa a sanar cewa a zubar da na farko a gyara na sha. Abin gwada kilorin ɗin nan ƙarami ne, ƙwaya ce ake jefawa a ruwa ya canza kala, ɗalibaina na sakandare ma za su iya.

Baba Alhaji Gwale: Da can akwai duba-gari, suna shiga gida-gida su leƙa randa su leƙa masai, in sun ga ƙazanta a ci tarar mai gida, har tsoronsu ake ji. Ban san me ya sa aka bar abin ya mutu ba. Ni zan yi wa limaminmu magana ya taɓo zancen fayif ɗin cikin kwata ranar Juma'a, don na duba namu ɗazu shi ma a ciki yake.

Injiniya Fagge: Madalla Baba. Wannan gyaran ba ya buƙatar jiran kowa, mutanen layi su haɗa kuɗi a kira mai gyaran famfo ya ɗaga fayif ɗin sama da bakin kwata, inda dole sai ya tsallaka a zura shi cikin wani babban fayif ya zame masa riga, duk inda aka ɗaure da roba a yanke a sa soket da gam. Masu injin jan ruwa kuma su yi tankin ƙasa ruwa ya zuba da kansa sannan su ja daga nan zuwa sama, kar su ja daga layi.

Maman Ikram: Injiniya to in an ɗaga namu amma na layin da ke gabanmu yana cikin kwata fa, ba duk ɗaya ba ne?

Injiniya Fagge: Za a rage ne ba za a kawar ba, abin da ya shiga babban layi daga wajen wasu zai iya zuwa gare ki, shi ya sa ko an gyara kar ki daina sa wa na sha magani. Ki tura min hoton inda fayif ɗinku ya fito daga babban bututu ta inbox in ga ko na ƙarfe ne ko na roba, in na ƙarfe ne tsohon yayi gara a canza shi gaba ɗaya daga bakin titi har cikin gida.

Admin: Jama'a masu son a haɗa kuɗi a kai ruwan unguwanninsu gwaji su rubuta sunan unguwa da irin ruwan, famfo ko bohol ko na kura, Malama ta ce za ta karɓo kwalaben ta nuna yadda ake ɗiba. Ɗorayi da Hotoro da Sharaɗa na riga na rubuta. Abu Sadiq na Kurna fa, na wace kura za a ɗiba?

Abu Sadiq: A rubuta bohol ɗin da masu kurarmu suke saya, da kuma jarka ɗaya bayan an kawo gida, a gwada duka biyun mu ga a ina yake lalacewa.